Laba Ɗaya

Tun kafin gari ya waye na tayar da mota,
mil saba'in na ƙanƙara tsakanina da kantin Merle.
Na tarar da mutum goma sha huɗu a layi,
hannu a aljihu, numfashi na tashi kamar hayaƙi,
ba mai kallon idon wani.

Merle ya buɗe ƙofa da takarda a hannu.
Gwangwani tara suka iso, in ji shi,
laba ɗaya ga mutum ɗaya, ba bashi, ba ajiya.
Wani mai sabuwar a-kori-kura
ya zo da matarsa da surukarsa da ƙanen matar,
kowa ya fito rungume da nasa
kamar an miƙa masa jariri.
Na san inda zan gan su ran Asabar:
a teburin 'yan kasuwa, kuɗi ninki uku.

Na sayi gahawa da igiyar takalmi, na juyo.

Albarushi, dala ashirin da biyu na san labarka,
yau saba'in, in ma an gan ka.
Wasu sun ce yaƙin ƙetare ne ya lashe ka,
wasu sun ce masana'anta ce ta ƙone,
wasu sun ce tsoro ne kawai, kowa na cusawa ƙarƙashin gado.
Ni dai kanta na gani, wayam,
sai zoben ƙura inda gindin gwangwani ya zauna.

A rumfar bayan gida komai na nan.
Kwanson tagulla ɗari shida, na wanke, na goge,
sun jeru baki buɗe kamar 'yan tsaki.
Ga dalma, ga mazurari,
ga sikelin da ƙwaya ɗaya ke sa harshensa rawa.
Tukunya da murhu da itace, ba tsaba.

Kuma na yi wa Linnea alkawari.
Bana ta cika sha biyu, bana za ta bi ni dawa.
Ubanta da harsashi hamsin ya koya, kowace Lahadi,
muna huda gwangwanayen wake
har kunne ya daina jin kiran abinci.

Daren nan na sauko da akwatin Arvid,
harsasan da wana ya cika da hannunsa kakar da ya rasu.
Ba sa shiga bindigata.
Rubutunsa na nan a murfi, a karkace kamar tafiyarsa.
Shekara tara ban taɓa ba.
Na kwance su ɗaya bayan ɗaya,
na zazzage baƙin garin a faranti,
ina ba shi haƙuri da ƙarfi, ni kaɗai a rumfa.
Bakwai na samu.

Sati uku yarinya na ɗana bindiga ba komai a ciki,
kwabo a kan hancin ƙarfen,
ta ja kunama kada kwabon ya faɗi.
Uku muka kashe a kan kwali. Saura huɗu.

Ranar, a bakin rafin da ya daskare,
barewa ta fito daga cikin itatuwa, ƙosasshiya.
Na ji Linnea ta riƙe numfashi.
Na ƙirga goma. Na ƙirga ashirin.
Sai ta sauke bindigar a hankali.
Kaka, reshe ya tare kafaɗarta, ban tabbata ba.
Barewa ta kaɗa kunne, ta shige.

Firjin gida rabi ne, hunturu ko rabi bai yi ba.
Na buɗe baki zan yi faɗa.
Ubanta da tuni ya saki uku,
ya kashe reshen, ya kori rafin gaba ɗaya.

Ta zare harsashin, ta sa mini a tafi.
Da ɗuminsa, na aljihunta.
Wake muka ci da daddare.